Ailan: Ƙasar Da Ta San Zafin Baƙunta

Wannan makon za mu leƙa Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila.

Mutanen Ailan sun san zafin baƙunta. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta lalata dankalin turawa, babban abincinsu. Yunwa ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu miliyan ɗaya suka yi hijira, galibi zuwa Amurka da Ingila, inda aka riƙa yi musu kallon raini, har a hana su aiki. Za ka zaci duk wanda ya sha wannan ba zai ƙyamaci baƙo ba. Sai dai tarihin gidajensu bai nuna haka ba.

A tsakiyar ƙarni na 20, ɗalibai daga Afirka, har da Najeriya, suna zuwa Dublin karatu. Wasu sun haihu da matan ƙasar ba tare da aure ba. A wancan zamanin cikin shege babban abin kunya ne ga iyali, balle a ce jaririn baƙar fata ne. Da yawa iyaye kan tura 'yarsu gidajen da ke hannun coci, a raba ta da ɗanta. Rahoton da gwamnati ta fitar a 2021 ya ce yara kusan 9,000 ne suka mutu a irin waɗannan gidaje, har shugaban gwamnati Micheál Martin ya nemi gafara.

Ku dubi Paul McGrath. An haife shi a 1959, mahaifinsa ɗan Najeriya. Mahaifiyarsa ta tafi Landan ta haihu a ɓoye don tsoron mahaifinta, yaron ya tashi a gidajen marayu na Dublin. Daga baya ya buga wa Manchester United ƙwallo, ya buga wa Ailan wasa 83. Ƙasar da ta ɓoye shi yana jariri ita ce ta dawo tana yi masa kirari.

Da arziki ya zo a shekarun 1990, baƙi suka fara shigowa. A 2004 kusan kashi 79 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince haihuwa a ƙasar kaɗai ba za ta ba yaro zama ɗan ƙasa ba. Amma a 2007 Rotimi Adebari, haifaffen Najeriya, ya zama magajin garin Portlaoise. Ƙidayar 2022 ta nuna ɗaya cikin biyar na mazauna ƙasar a waje aka haife shi. A Nuwamban 2023 kuma tarzomar ƙin baƙi ta ɓarke a Dublin.

Abin lura gare mu: idan za ka yi rubutu a kan wariya, kada ka tsaya a kan doka. Shiga cikin gida, ka ji abin da uba ke faɗa ranar da 'yarsa ta kawo baƙo. Can labarin yake.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.