Saƙi Ɗan Ƙauye Ne Kafin Ya Shiga Fada

Yau idan aka ce saƙi ko barage, abin da ke zuwa a rai hawan sallah ne da naɗin sarauta, har matasa na ɗauka tun asali tufar fada ce. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Saƙa sana'ar rani ce ta manoma a garuruwa irin Kabo da Garo da Gwarzo. Da an cire amfanin gona, mata su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari, maza kuma su kafa masaƙa a inuwa suna jefa ƙoshiya. Siririyar ƙwaryar da suke fitarwa ita ake harhaɗawa ta zama gwado ko zane ko riga. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta kayan saƙa da rini da ake fitarwa daga Kano zuwa wasu ƙasashe sun kai wuri miliyan 300 a shekara. Fada ba za ta iya cinye wannan ba, birni kuma shi kaɗai ba zai iya saƙa shi ba.

Wani zai kawo marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi hujja cewa sana'ar birni ce. Kasuwa dai a birni take, amma turkuɗin da Buzaye ke naɗawa a Kura aka fi saninsa. Wani kuma zai ce rigar tsamiya mai aska takwas, ko barage mai alharinin da ya ƙetaro Sahara, ba ta taɓa zama ta talaka ba. Gaskiya ne. Sai dai masaƙin da ya iya ta a kan farin talaka ya goge hannunsa, kuma cinikin talakan ne ke ciyar da shi tsakanin aikin wani basarake da na wani.

Shi ya sa isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ba ta kashe sana'ar nan take ba. Masaƙa sun daɗe suna gogayya da Turawa wajen sayen auduga. Abin da ya karya ta shi ne yadin kanti mai araha, na Ingila da na masaƙun Kaduna da aka fara buɗewa a 1957, wanda ya ƙwace tufar yau da kullum, mata kuma suka ajiye mazari. Rigar biki ce kawai ta tsira, ita ma yawanci da zaren kamfani. Mai son farfaɗo da saƙi ya fara daga gonar auduga da masaƙin ƙauye.