Tu da vous: lafazin kira a dandalin neman masoya na masu jin Faransanci

Harshen Faransanci yana da kalmomi biyu na kiran wanda ake magana da shi. Tu ta mutum ɗaya ce, ana amfani da ita ga yaro, aboki ko ɗan'uwa. Vous jam'i ce, amma ita ake yi wa baƙo da babba don girmamawa, kusan yadda Bahaushe kan ce wa surukinsa "ku" alhali shi kaɗai ne. Kowace tana da aikatau nata: tutoyer da vouvoyer.

A dandalin neman masoya na intanet, wannan zaɓi yana zuwa tun a saƙon farko, kuma can ne matsalar take. Mutanen biyu ba su san juna ba, wanda a al'ada ke wajabta vous, amma abin da ya haɗa su neman kusanci ne, wanda ke jawo tu. Wanda ya fara da tu yana iya zama marar kunya a idon wata. Wanda ya fara da vous kuma a ɗauke shi kamar mai rubuta wa ofis takarda.

Faransawa sun daɗe da wannan hira ta bayan allo. Tun shekarun 1980 suna aika wa juna saƙon soyayya da sunayen aro ta na'urar Minitel, wadda ba a rufe ta ba sai 2012. Marc Simoncini ya kafa Meetic a 2001, Happn kuma ta fito a birnin Paris a 2014. A manhajojin waya irin su Tinder, inda matasa suka fi yawa, tu ta zama abin da aka saba. Vous ta fi zama a bakin manya, ko inda akwai tazarar shekaru, ko da yake wasu na zaɓenta da gangan a matsayin salon kwarkwasa, suna jan hirar kafin su sauko.

Saukowar tana da ƙa'ida. Ana tambaya: "On peut se tutoyer ?", wato ko za mu koma tu? A al'ada babba ko mace ce ke ba da wannan dama. Komawa vous bayan an yi tu alama ce ta fushi ko ja da baya. Mai gudun kuskure kan kauce wa duka biyun da gaisuwa irin "Ça va ?", wadda ba ta ɗauke da ko ɗaya.

Lamarin ya bambanta da wuri. Mutanen Kebek a Kanada sun fi Faransawa saurin yin tu. Kalmar mademoiselle, da ake kiran budurwa da ita, gwamnatin Faransa ta cire ta daga takardun hukuma a 2012, kuma mata da dama na jinta a matsayin tsohon yayi.

Akwai kuma sunayen shauƙi: ma chérie, mon cœur, mon amour. Zuwansu da wuri abin lura ne. 'Yan damfarar soyayya, waɗanda a Kodebuwa ake kira brouteurs, sukan zuba su tun kwanakin farko, kafin a zo batun kuɗin asibiti ko na jirgi.