Sallar Bazara a Ƙasar Ƙaraye da Rogo: Tunanin Iyali a Matsayin Madogarar Tarihi



Duk wanda ya taɓa zama gaban dattijo a ƙasar Ƙaraye ko Rogo yana neman labarin da, ya san irin amsar da ake ba shi idan ya tambayi shekara. Ba a ce masa 1958. Sai a ce, "Shekarar da muka sha azumi a tsakiyar bazara, rijiyar gidanmu ta ƙafe." Ɗalibai da yawa kan raina irin wannan amsa. Ni kuwa a ganina ta fi wasu takardun ofis ƙarfi, in dai an san yadda za a warware ta.

Dalili shi ne, shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, watau ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. Saboda haka azumi da Salla ba su da mazauni guda: sukan ratsa bazara, su koma hunturu, su shiga kaka, su faɗa damina, ba su dawo inda suka faro ba sai bayan shekara 33. Ƙaramar Salla ta zo a watan Afrilu a 1958, ta sāke zuwa a Afrilun 1991, sa'an nan a Afrilun 2024. Ke nan akwai gidajen da kaka da ɗa da jika duk suka yi yawon Sallar ƙuruciyarsu cikin zafi iri ɗaya, alhali yayye da ƙannen da ke tsakaninsu sun yi nasu cikin ruwan sama ko hazo.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga yaro. Tashe, wanda akan fara idan azumi ya kai kwana goma, yana bin ƙarfin rumbu. Yaran da suka yi Macukule, ko 'yan matan da suka yi Samodara a lokacin kaka, sukan tuna kwaryar da ta cika da gero da dawa. Waɗanda suka yi nasu da bazara kuwa, sun tarar hatsi ya ja baya, maigida yana lissafin iri, sai a sallame su da ɗan abin da ya samu. Abin da suka fi tunawa shi ne sharar gona da kai taki da azumi a baki, da ruwan randa, da mangwaro wurin buɗa-baki, da jan hannun ƙane zuwa Idi tun rana ba ta yi zafi ba. Saboda haka idan tsohuwa ta ce an yi mata lallen Sallarta ta fari mangwaro na nuna, ta riga ta ba mai bincike shekaru huɗu ko biyar da zai nemi haihuwarta a kusa da su.

Ba kowane biki ne ke yawo haka ba. Kalankuwa, wadda Maguzawan yankin suka daɗe suna yi, tana ɗaure da kaka. Ista ta Hausawa Kiristoci ba ta fita tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, kullum bazara ce. A 1991 da 2024 duka ta faɗo ranar 31 ga Maris, cikin watan azumi, kuma irin wannan haɗuwa takan zauna a zukatan maƙwabta.

Abin damuwa shi ne wuraren da tunanin yake rataye a kansu suna sauyawa. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, ta ci gonaki ta tashi ƙauyuka, kuma tsofaffin da suka san inda filayen Idinsu suke suna ta ƙarewa. Masarautar ma an kafa ta a 2019, aka rushe ta a 2024, aka maido ta a 2024 ɗin da daraja ta biyu, tana riƙe da Ƙaraye da Rogo. Duk wannan yana rubuce a takarda. Amma yaron da ya yi tashe a 1958 ya haura shekara saba'in yanzu, kuma ɗalibin da zai je wurinsa sai ya tafi da jadawalin watannin Hijira a aljihu.