Alhakin Daraktan Kamfani Kan Lafiyar Ma'aikaci: Nazarin Dokokin Nijeriya Daga Arewacin Kogin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda dokokin Nijeriya uku suka raba alhakin raunin ma'aikaci tsakanin kamfani da daraktansa, ta kuma auna su da wuraren aikin da ke arewacin kogin Kaduna. Hujjarta ita ce doka ta ambaci darakta, amma ba ta bai wa ma'aikaci hanyar kai hannu gare shi ba.

Gabatarwa

Kogi ya raba aikin Kaduna gida biyu. Manyan masana'antu sun taru a Kakuri, kudu da kogi, tun buɗe masaƙar KTL a 1957, ofisoshi kuwa suka zauna a arewa, kan titunan Ahmadu Bello da Ali Akilu. Wuraren sarrafa kaya na arewa galibi ƙanana ne: gidajen burodi, kamfanonin ruwan leda, maɗaba'u, masu buga bulo, da masu zubin ƙarfe da yankan katako na Panteka. Wasunsu na da rajistar kamfani, daraktocin kuma maigida ne da matarsa ko ƙanensa. A irin waɗannan wurare ake ganin yaro na tura katako bakin zarto marar murfi, da silifa a ƙafarsa, bel ɗin inji na gudu dab da rigarsa. In yatsa ya tafi, wa doka za ta tambaya?

Abin da dokokin suka tanada

Tun shari'ar Salomon ta 1897 a Ingila, wadda kotunanmu suka gada, kamfani mutum ne daban da masu shi, laifinsa nasa ne. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗan huda wannan katanga: in aka tabbatar laifin kamfani ya auku da yardar darakta, ko haɗin bakinsa, ko sakacinsa, shi ma mai laifi ne. Sai dai hukuncin keta dokar da ya jawo mutuwa ko rauni bai wuce tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara biyu ba, ko duka biyun. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne, wato tarar ran mutum kashi ɗaya ce cikin 14 na albashin wata. Gyaran inji ya fi tarar tsada, mai lissafin riba kuma ya san haka.

Dokar Kamfanoni ta 2020, a sashe na 305, ta umarci darakta ya kula da maslahar ma'aikata. A ganin wannan maƙala, an ba da abu da dama ne an karɓe da hagu, domin sashen ya bar wa kamfani ikon tilasta wannan nauyi a kan darakta. A kamfanin da maigida ne darakta, shi ne kuma mai hannun jari mafi tsoka, ana jiran mutum ne ya kai ƙarar kansa.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta bi wata hanya. Mai ɗaukar ma'aikata na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, a biya wanda ya ji rauni ba tare da neman mai laifi ba. Wannan sauƙi ne ga ma'aikaci, amma bai taɓa aljihun darakta ba. Leburan da ake sallama da yamma ba takarda kuwa, da wuya sunansa ya isa asusun.

Ingila ma ba ta gama warware ƙullin ba. Dokarta ta 2007 kan kisan da kamfani ya jawo kamfanin take hukuntawa, darakta kuwa akan bi shi ta sashe na 37 na dokar lafiya da kariyar ma'aikata ta 1974. A gida, gobarar masana'antar roba ta Ikorodu a 2002, wadda ta ci ma'aikata da dama, ta tayar da muhawara, amma ƙudirin lafiyar ma'aikata da Majalisar Dattawa ta amince da shi a 2012 bai zama doka ba.

Sulhu kafin sufeto

Dokar Masana'antu ta wajabta kai wa sufeto rahoton haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku. A aikace, sulhu kan riga rahoto. Maigida ya biya kuɗin asibiti, dattawa su zauna, a ce ƙaddara ta riga fata, a yafe. Abin lura shi ne fiƙihun Malikiyya, wanda yawancin masu wannan zama ke bi, bai ɗauke lamuni daga wanda sakacinsa ya zama sanadin ɓarna ba. Saboda haka hujjar ƙaddara ba ta da gindi ko a can.

Gyaran da ya fi gaggawa biyu ne: a ɗaure tarar da girman cinikin kamfani, sannan a bai wa ma'aikaci ko magadansa damar tuhumar darakta da sunansa kan nauyin da ke sashe na 305. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya ba hurumin lafiya da kariyar ma'aikata, tana da reshe a Kaduna da zai iya sauraron irin wannan ƙara.