Tsohon Akwatin Gem: A Gyara Ko A Kwance?

A shekarar 1980 Minoru Arakawa, shugaban reshen kamfanin Nintendo na Amurka, ya yi odar akwatunan gem 3,000 na wani wasan harbi mai suna Radar Scope. Wasan ya yi kasuwa a Japan, amma kafin jirgin ruwa ya sauke kayan a Amurka yayinsa ya wuce. Da ƙyar aka sayar da kamar 1,000, sauran suka yi kwantai a sito. Maimakon a yi asararsu, sai Nintendo ta sa wani matashin mai zane, Shigeru Miyamoto, ya ƙirƙiro sabon wasan da zai hau kan kayan da ke cikinsu. A 1981 aka buɗe bayan akwatuna kusan 2,000, aka sauya musu ƙwaƙwalwa, aka canja allon suna na sama, suka wayi gari Donkey Kong.

Shi ya sa har yau idan tsohon hannu ya ga Donkey Kong mai jan fenti, ba shuɗin da aka saba gani ba, yakan leƙa ciki ya nemi alamar Radar Scope. In ya same ta, sai muhawara ta tashi. Wasu su ce a mayar da shi asalinsa, tunda Radar Scope ya yi ƙaranci a duniya. Wasu su ce ai sauyin da aka yi masa shi ne tarihin, a bar shi yadda yake.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka cewa sauya akwati ɓarna ce ta 'yan baya. Ba haka ba ne. Waɗannan akwatuna masu tsayin mutum, masu nauyin da yakan haura kilo 100, ba don adon gidan tarihi aka ƙera su ba. Kayan neman kuɗi ne. Mai akwati yakan ajiye shi a shagon wani ko gidan abinci, yara su yi ta zuba tsabar senti 25, ƙarshen mako a buɗe a raba ciniki da mai shago. Atari ta sayar da Asteroids kusan 70,000, Midway kuma ta sayar da Pac-Man fiye da 100,000 a Amurka. To amma wasa yana da kwanansa. Da yara sun ƙware ko sun gundura, ciniki ya faɗi, akwati ya zama kaya mai tare wuri.

Daga nan kasuwar kayan sauyi ta buɗe. Kamfani ya aiko da kwali ɗauke da sabon fanel (farantin lantarkin da wasan ke ciki), sabbin sitika, da sabon allon suna, mai akwati ya ɗora a kan tsohon katako. Mr. Do! na kamfanin Universal, wanda ya fito a 1982, yana cikin na farko da suka yi tashe ta wannan hanya. Atari da kanta ta bi sahu: Gravitar da ya ƙi ciniki aka mayar da shi Black Widow, Tempest da yawa suka koma Major Havoc, Star Wars ya koma The Empire Strikes Back. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar masu ƙera injinan nishaɗi ta Japan ta fito da tsarin JAMMA, mahaɗi guda mai haƙora 56, wanda ya sa canja wasa ya zama kamar canja kaset a rediyo.

Babbar ɓarnar ta zo ne da Street Fighter II na Capcom a 1991. Wasan yana buƙatar maɓallai shida ga kowane ɗan wasa, kuma yana kawo kuɗi irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Sai aka jawo tsofaffin akwatuna daga sito, aka huda musu sabbin ramuka a teburin sarrafawa, aka lafta baƙin fenti a kan zanen gefe. Ba za a zargi masu yin haka ba, domin abincinsu suke nema. Amma yawancin aikin masu gyara na yau bin sawun wannan ɓarna ne: a zauna da maganin cire fenti da haƙuri, a yi ta kankara a hankali, har launukan asali su leƙo daga ƙarƙashin baƙin.

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 gidajen gem sun fara rufewa a Amurka, saboda PlayStation da ire-irensa sun kai wasa cikin falo. Akwatuna suka cika wuraren gwanjo a araha. A daidai wannan lokaci, cikin watan Fabrairun 1997, wani ɗan Italiya mai suna Nicola Salmoria ya saki MAME, manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi fanel ɗin tsofaffin wasanni. Manufar aikin ita ce adana yadda injinan suke aiki kafin su mutu, kuma ya ceci dubban wasanni daga ɓacewa. Sai dai ya zo da abin da ba a yi niyya ba. Mutane suka riƙa sayen akwati mai rai, su ƙwaƙule cikinsa, su cusa kwamfuta, su faffaɗa teburin su cika shi da maɓallai. Daga baya ƙananan fanel masu wasanni 60 a guda suka shigo suka ƙara rura wutar. A nan ne masu tara akwatuna suka kafa wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: mai son irin wannan ya nemi akwatin gama-gari, ko ya haɗa sabo da katako, kada ya taɓa wanda aka ƙera domin wasa guda.

To yaushe ne kwancewa ke halatta? Abin da ƙwararre ke fara dubawa shi ne ƙasan akwatin. Da yawansu an yi su ne da garin katako da aka matse da gam, kuma babu abin da ya tsana kamar ruwa. Akwatin da ya shekara a kan simintin gareji mai laima yakan sha ruwa ta ƙasa, ya kumbura, ya riƙa marmashewa a hannu. Idan ɓarnar ta tsaya a tafin hannu ɗaya ko biyu daga ƙasa, ana yanke wurin a dasa sabon katako, a cike da fila irin ta masu gyaran jikin mota, a goge. Idan kuwa ta hau har tsakiya, funfuna ta kama, gefe ya bar gefe, to jikin ya mutu, kuma ci gaba da lallaɓa shi ɓata lokaci ne.

Mutuwar jikin ba ita ce babbar asara ba, kuma wannan shi ne abin da sababbin shiga suka fi kasa ganewa. Idonsu yana kan katako da zane, alhali su ne mafi sauƙin maidowa. Akwai masu injin yankan katako da ke fitar da sabon jiki bisa awon asali, akwai masu buga zanen gefe da robar da ke bin baki. Abin da ba ya dawowa yana ciki. Masana'antu sun daina ƙera kwalbar hoto irin ta tsohuwar talabijin mai ƙeya, don haka duk wadda ta fashe ta tafi ke nan. Allunan hoto irin su Electrohome G07 da Wells-Gardner K7000 da Sanyo 20EZ na akwatunan Nintendo sukan farfaɗo da zarar an canja musu kafasitocin da suka bushe, aikin dalma na yini guda, ko da yake yana buƙatar taka-tsantsan domin kwalbar tana iya riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare soket. Wasu ma sukan ciro kwalba daga tsohuwar talabijin su maye gurbin wadda hoton hanyoyin Pac-Man ya ƙone a fuskarta. Allon Asteroids da na Tempest kuwa wani iri ne dabam, wanda ke zana hoto da layukan haske kai tsaye, kuma babu allon zamani da ke ba da irin wannan ƙyalli. Don haka ruɓaɓɓen Tempest mai lafiyayyen allo, kwance shi ceto ne: allonsa ya tada wani, fanel ɗinsa ya tada wani, ƙofar tsaba da wayoyi su tada na uku.

Inda abin ke ɓaci shi ne lokacin da lissafin kuɗi ya shigo. Sau da yawa kayan akwati ɗai-ɗai sun fi akwatin dungurungum tsada, ga shi aika fanel a kwali ya fi jigilar kilo 100 sauƙi. Sai ka ga mutum ya sayi akwati mai aiki lafiya lau, ya kwance shi a yammaci guda, ya sayar da sassan, ya kai katakon bola. Doka ba ta hana shi ba, dukiyarsa ce. Amma wannan ɗabi'a ce mai muni, domin ba a ƙara ƙera ko guda, kuma kowane wanda aka yi wa haka an rage shi ne daga adadin da ba zai ƙaru ba. Yawa da ƙaranci ma suna shiga awo. Ruɓaɓɓen Pac-Man ana iya sallama shi ba tare da wani ya yi kuka ba. Computer Space na Nolan Bushnell da Ted Dabney, wanda ya fito a 1971 kuma aka ƙera kimanin 1,500 kacal, ko ɓaraguzansa aka samu ya cancanci a tattara a ɗinke.

Akwai kuma darasin batir, wanda ya sa tsofaffin hannu suka rage gaggawar yanke hukunci. Wasu fanel, kamar na Omega Race na Midway, batirin da ke jikinsu yakan zubo da ruwa ya cinye hanyoyin tagulla, shi ya sa cire shi ne aikin farko. Na Capcom kuwa akasin haka ne. Tsarin CPS-2 da ya fito a 1993 yana ajiye makullin sirrin wasan a ƙwaƙwalwar da batir ke raya ta, don maganin masu satar fasaha. Ranar da batirin ya mutu, makulli ya goge, wasan ya daina tashi. Shekaru da dama hanyar da ta rage ita ce a sauya wa fanel ɗin ƙwaƙwalwa da kwafin da aka yi wa kwaskwarima, wasu kuma suka ɗauke shi a matsayin gawa, suka cire abin da za su cire suka watsar. A 2007 Andreas Naive da Nicola Salmoria suka warware sirrin tsarin. A 2016 Eduardo Cruz, tare da Artemio Urbina da Ian Court, suka gano yadda ake sake rubuta makullin a cikin fanel ɗin ba tare da an sauya masa komai ba. Waɗanda suka bar nasu a kan kanta yana shan ƙura suka sa sabon batir, suka loda makulli, wasan ya tashi kamar yadda ya fito daga masana'anta. Waɗanda suka riga suka fige nasu kuwa sai dai su shiga kasuwa neman wani.