Ranar da Aka Jira: 22 ga Oktoba 1844

Yau za mu leƙa Amurka. William Miller manomi ne, ɗan ikilisiyar Baftis a jihar New York. Ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14, ya mai da kowace rana shekara guda, ya soma ƙirga daga 457 kafin haihuwar Almasihu. Lissafi ya nuna masa Ubangiji zai dawo wajen 1843. Da lokacin ya wuce, wani mabiyinsa, Samuel Snow, ya tsayar da 22 ga Oktoba 1844.

Dubban masu bi suka shirya, waɗansu har suka ƙi girbe gonakinsu. Rana ta faɗi, dare ya raba, gari ya waye shiru. Aka sha kuka, maƙwabta suna ba'a.

Ba mu kira Miller mayaudari ba. Ya amsa kuskurensa, ya rasu a 1849 yana sa zuciya. Amma Matiyu 24 yana hannunsa, inda Yesu ya ɓoye ranar, ya kuma ɗaura zuwan ƙarshe a kan kai bishara ga dukan al'ummai. A daren nan kakanninmu ba su da Maganar Allah da harshensu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932.