Ɗan Lifidi a Cikin Waya

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Mu da muke da dangi a Gangara mun daɗe ba mu ji muryarsu ba. Da wasunsu suka samu suka fito, sai muka tarar yaran ba su ajiye wayoyin ba. Tun da babu kira babu intanet, sun koma ga wasannin da masu tura fina-finai suka zuba musu, ciki har da Pokémon, wasan nan na Japan da ake tara halittu ana haɗa su faɗa.

Wata yamma ɗaya daga cikin yaran ya nuna wa kakansa wata halitta mai ƙwarya kamar kunkuru, ana ce mata Shuckle. "Kaka, wannan kariyarta 230 ce, amma gudunta 5 kacal." Tsohon ya ƙura wa wayar ido, sannan ya ce, "Wanga ai ɗan lifidi na. Ba ka kashe shi, shi ko ba ya cim maka."

Mun yi dariya a lokacin, amma tsohon bai yi kuskure ba, domin lambobin nan asalinsu lissafin yaƙi ne. A 1824 wani hafsan sojan Prusiya mai suna Reisswitz ya gabatar wa shugabanninsa wasan yaƙi na taswira, wanda aka rubuta wa kowace runduna nisan tafiyarta da ɓarnar da za ta iya yi. Daga irin waɗannan wasanni aka samu Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, inda lambobin suka tashi daga kan runduna suka koma kan mutum ɗaya ko dodo ɗaya. Satoshi Tajiri, wanda ya tashi yana kamun ƙwari a bayan garin Tokyo, ya ɗora wannan lissafi a kan halittu 151 a 1996. A yau kowacce tana da lambobi shida: yawan rai, duka, kariya, gudu, sai duka da kariya na musamman. Dokar da ke ƙarƙashinsu ita ce ba a samun abu a banza. Ninjask, mai kama da ƙwaro, gudunta 160 ne, kariyarta kuwa 45.

Gobirawa sun san wannan ciniki tun kafin a haifi Reisswitz. Lifidi riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke, ana sa wa doki ana sa wa mahayi, a ɗora kwalkwali a kai. Kibiya takan shiga ta maƙale ba ta taɓa fata ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ake shafa wa kibiya dafin kwankwani, inda ƙarzane kaɗan ya isa. Amma sai ingarma ke iya ɗaukar nauyin, ƙuru ba ya iyawa. Mahayin ba ya hawa sai zagi ya taimaka masa, idan kuma ya faɗi tashi sai an ɗaga shi. Dokin ba ya dogon gudu, zafin rani kuma yana cinsa. Shi ya sa sarki ba ya fita da 'yan lifida kaɗai. Akwai barade masu saurin kai hari da dawowa, akwai masu sulke, akwai dakaru da garkuwa, akwai 'yan baka. Yaron da ke zaɓen halittu shida yana cuɗa mai gudu da mai juriya, aikin da sarkin yaƙi ya yi a Alƙalawa yake maimaitawa bai sani ba.

Har da zancen wane ke cin wane. A wasan, wuta tana cin ciyawa, ruwa yana cin wuta, ciyawa tana cin ruwa. Lifidi kuwa auduga ce, don haka maganinsa wuta: kibiya mai wuta ta kama shi, rigar da ta tsare mahayi sai ta zama ajalinsa.

Inda lissafin ya fara ba da kunya shi ne Tabkin Kwatto, a watan Yunin 1804, wata huɗu bayan hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu. Da za a jera lambobin ɓangarorin biyu a waya, babu yaron da zai zaɓi jama'ar Shehu. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawakai masu yawa, da 'yan lifida wajen ɗari, da Abzinawa masu taya shi. Jama'ar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta dawakansu ba su wuce ashirin ba, yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa. Amma suka tsaya a dunƙule ba su watse ba, kibau suka yi ta sauka a kan dawakai, rundunar Gobir ta karye, Yunfa ya tsere.

Masu son labari mai daɗi a nan suke tsayawa, su ce baka ta ci doki. Mu ba mu yarda ba. A ƙarshen wannan shekara, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Abzinawa suka yi wa jama'ar mummunar ɓarna, aka rasa mutane wajen dubu biyu, da mahaddata Alƙur'ani da yawa a cikinsu. Bakan nan dai ita ce, dokin nan shi ne. Abin da ya sauya shi ne wuri, da yunwa, da yadda mutane suka bazu neman abinci. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808, kuma kafin nan jama'ar Shehu sun tara nasu dawakan, sun sa nasu lifidin. Da dawakai Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke a 1836. Bayan nan ne aka kafa Tsibiri, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Dokin da ya ci waɗannan yaƙoƙi shi ne ya tsaya gaban bindiga mai ruwa a Giginya ranar 15 ga Maris 1903, aka gama da shi kafin rana ta take.

Abin da ya sa maganar tsohon ta zauna mana a rai shi ne ba tarihi kawai yake tunawa ba. Waɗanda suka tashe shi daga gidansa a kan babura suka zo, biyu-biyu, uku-uku. Ba su da lifidi, ba su da garkuwa, gudu ne da duka. Su shigo, su yi ɓarna, su koma daji kafin motar da ke da ƙarfe a jiki ta baro gari. Hukumomi ma lissafin da suka yi ke nan a 2021, da suka hana sayar da fetur a jarka: doki ba ya gudu sai da dawa da harawa, babur ba ya gudu sai da mai. Sai dai manomin da ke ban ruwa a fadamar Rima shi ma da jarkar yake sayen nasa.

Yaron ya tambayi kakansa ko a bar Shuckle a cikin shidan. Tsohon ya ce a bar ta, amma a nemo mai gudu a haɗa mata. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da ido yana bin layukan da yatsa. "To ina wurin da aka rubuta ko ta ci abinci?"